Babi na Biyar: Salon Wa Ka Ɗauka?

Amarya ta miƙo waya ta ce wa mai hoto, “Malam, irin wanga nika so.” Ya duba, ya tsayar da ita yadda aka tsayar da ta cikin wayar, ya sa ta gyara mayafi, ya ɗauka, ya buga tambarinsa a ƙasan hoton. To, ya yi sata ko bai yi ba?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon hoto a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun a lokacin da bukukuwa suka kankama, wato bayan an kawar da amfanin gona ko gab da azumi, ya ji wannan gardama. Wani ya ce wane ya kwafe masa salo. Wanen ya ce ai salo ba gadon gidan kowa ba ne. Na ukunsu, wanda yawanci ya girme su, ya ce ku duka daga Instagram kuka kwaso, ku rufa wa juna asiri. Kowa cikinsu yana da tasa gaskiyar. Abin da ya hana su daidaitawa shi ne sun cakuɗa abubuwan da ba ɗaya ba. Tsayuwar amarya daban, hoton da aka ɗauka daban, sunan da aka liƙa masa kuma daban.

Tsayuwa ba ta da mai ita

Ɗauko albam ɗin auren iyayenka, ko na wata gwaggo da aka aurar shekaru talatin ko arba’in da suka wuce. Za ka ga labule mai zanen bene ko lambu a baya, fulawar roba a kan ɗan teburi, amarya zaune ta ɗora hannaye a gwiwa don zobe da agogo su fito, ƙawaye biyu sun dafa mata kafaɗa. Ka buɗe wani albam a Gusau ko Sakkwato ko Ƙauran Namoda, abin da za ka tarar ke nan. Ba a taɓa jin wani ya kai ɗan’uwansa gaban alƙali a kan ɗora hannu a gwiwa ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da keke da babur don masu zuwa ɗaukar hoto su ara su fito da su. Labulensa na farko ma shimfiɗar gadonsa ce ya rataye. Masu hoto a biranen Afirka ta Yamma duk suna da irin waɗannan kayan aro, kowa na leƙen na kowa.

Ga wata tsayuwa da ta cika hotunan kafin aure a yau: amarya tana gaba ta juya baya, ta miƙo hannu, hannun ango kaɗai ake gani yana riƙe da nata. Yawancin masu ɗaukar ta ba su san daga ina ta fito ba. Wani mai hoto ɗan ƙasar Rasha, Murad Osmann, shi ya yi suna da ita. A 2011 suna yawo a birnin Basalona da budurwarsa Nataliya, ta gaji da tsaye-tsayensa na ɗaukar hoto, ta fizgi hannunsa ta yi gaba, shi kuwa ya danna kyamara a haka. Daga nan suka riƙa maimaita ta a ƙasashe daban-daban, miliyoyin mutane suka bi shafinsu. Yanzu ta zama ta kowa, har da waɗanda malaman unguwarsu ke yi wa faɗa a kan riƙe hannu kafin a ɗaura aure.

Doka ma haka ta ɗauki abin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022 aka sa mata hannu a watan Maris na 2023, ba ta kare tunani ko dabara ko hanyar yin abu. Aikin da mutum ya fitar, wanda ake iya gani ko ji, shi take karewa. A Amurka an gwada wannan a kan hoton da kusan duk saurayi ya san inuwarsa. A 1984 Jacobus Rentmeester ya ɗauki ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan ya yi tsalle, ƙafafu a ware, ƙwallo a hannun hagu. Daga baya kamfanin Nike ya sa aka ɗaukar masa nasa hoton da irin wannan tsalle, wanda daga shi aka fitar da tambarin da ke jikin takalma da riguna. Rentmeester ya kai ƙara a 2015. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba shi da gaskiya: hotonsa nasa ne, amma tsallen ba nasa ba ne, kuma hoton Nike ya bambanta da nasa a baya da haske da inda aka ajiye mutumin.

Tela a kasuwar Talata ba zai hana maƙwabcinsa yanka wuyan riga irin nasa ba. Amma ranar da maƙwabcin ya ɗauko rigar da shi ya ɗinka ya rataye a ƙofar shagonsa yana ce wa mutane aikinsa ne, zance ya canza.

To ina aikin mai hoto?

In tsayuwa ta kowa ce, me ya rage masa? Tun kyamara tana sabuwa mutane ke cewa ai na’ura ce ke aikin, mutum dannawa kawai yake yi. A 1884 maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka. Napoleon Sarony ya ɗauki marubuci Oscar Wilde, wani kamfanin ɗab’i ya buga kwafi 85,000 na hoton ba izini, ya kuma kare kansa da cewa hoto ba ƙirƙira ba ne. Kotu ta ba Sarony gaskiya, ta lissafa dalilanta: shi ya zaunar da mutumin, shi ya zaɓi tufafi da labule, shi ya tsara haske da inuwa, shi ya jawo yanayin da aka gani a fuska.

Mu dawo gida mu ga yadda wannan yake a aikace. Ɗakin amarya ne a Morai, washegarin kai ta. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, an yi jere har kusa da rufi, kwanonin silba da tangaran da kuloli suna ƙyalli a cikin kabad mai gilashi. Ba wuta. An shafe bango da shuɗin fenti. Ƙawaye sun cika ɗakin, kowacce ta ɗaga waya. A gidaje da yawa ma namiji ba zai taka nan ba, shi ya sa nake ganin mata masu hoto ya kamata a ce sun fi haka yawa a yankinmu, don rabin biki a cikin gida ake yin sa.

Wanda bai ƙware ba zai tsaya a bakin ƙofa ya saki filasha. Gilashin kabad ya mayar masa da hasken, fuskar amarya ta yi fari fat, zanen lallen hannunta ya dushe, bayanta ya yi baƙi ƙirin. Wanda ya san aiki zai roƙi mutum biyu su matsa daga taga. Zai zaunar da amarya a bakin gado ta ba tagar gefen fuska, ya sa wata yarinya ta riƙe farin zane a ɗaya gefen don ya mayar da haske kan kuncin da ke cikin duhu. Zai lura shuɗin bango yana zuba a fatarta, ya janye ta taku ɗaya daga jikinsa. Zai durƙusa don jeren ya fito a bayanta ba tare da ya danne ta ba. Sannan ya jira. Amarya ba ta ɗago kai don an ce ta ɗago. Sai wata ƙawa ta yi tsokanar da ta sa murmushi ya kuɓuce mata, ta kai hannu za ta rufe baki, lalle da zobe suka shigo cikin hasken tagar. A nan zai danna.

Mutum biyu za su iya ɗaukar amarya ɗaya a zaune ɗaya, a ɗaki ɗaya, hotunansu su fito kamar ba gida ɗaya aka shiga ba. Bambancin nan shi ne aikin mai hoto, shi ne kuma abin da ake biyan sa dominsa.

Gyaran kwamfuta ma yana ciki. Matasa da yawa suna sauko da saitin kala da wani ya haɗa a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, su zuba shi a kan kowane hoto. Wannan ba sata ba ce in an sayar musu ko an ba su kyauta. Illarsa dabam ce. Yawancin irin waɗannan saiti an haɗa su ne don wata fata da wani haske da ba namu ba, sai ka ga baƙar amarya kyakkyawa ta koma ruwan toka ko ruwan lemo, har kakarta ta karɓi hoton tana tambayar ɗiyar wa ce.

Inda koyi yake zama kwafi

Akwai iyaka, ko da yake ba a ja ta da alli ba. A Ingila wani kamfanin sayar da tsaraba yana da hoton jar motar bas tana haye gadar Westminster, an mayar da ginin majalisa da sararin sama fari da baƙi, motar kaɗai aka bari da launinta. Wani kamfanin shayi ya so irinsa a gwangwaninsa, ya sa aka haɗa masa nasa daga wasu hotuna dabam. A 2012 kotu a Landan ta ce ya keta haƙƙi, duk da bai taɓa ainihin hoton ba, saboda ya san na farkon kuma ya tattaro abubuwan da suka sa shi ya zama shi. Masana da yawa sun soki hukuncin, suna ganin ya matsa da yawa.

Darasin da mai hoton biki zai ɗauka a nan mai sauƙi ne. In ka ari abu ɗaya, tsayuwa ko kusurwa ko yadda aka yi da mayafi, ka yi koyi. In ka je wurin da abokin sana’arka ya je, a lokacin da ya je, ka sa amarya kaya irin na tasa, ka tsayar da ita a inda ya tsayar, ka zuba kala irin tasa, har wanda ya gani ya ɗauka shi ya ɗauka, to ka wuce koyi, ko kotu ta kama ka ko ba ta kama ka ba.

Yanke tambari

Gardamar salo tana cin lokaci a shaguna, amma ainihin ɓarnar ba a nan take ba. Tana wurin yaron da ya sayi kyamara jiya, ya shiga shafin wani gwani na Kano ko Abuja, ya sauko da hotuna goma, ya yanke gefen da tambari yake, ya ɗora a shafinsa ya rubuta lambar wayarsa. Wannan mutum biyu ya cuta. Ya cuci mai hoton da ya sha wahalar aikin. Ya kuma cuci uban amaryar da zai ba shi kuɗi yana zaton irin wancan aiki zai samu. Algus ne, kuma ya fi na kasuwa muni ta wani gefe, don biki ba a maimaita shi. In hotunan ɗaurin aure suka lalace, sun lalace ke nan.

Akwai mai sauƙi-sauƙi da kusan kowa ke yi ba tare da jin komai ba. Mai buga kalanda da sitika da kofunan rabo yana karɓar hoto ta WhatsApp, ya share sunan mai hoto don ya sami wurin rubuta sunayen ango da amarya, ya sa lambar shagonsa a ƙasa. Jama’a su tafi gida da kalanda, su ɗauka shi ya yi komai.

Sai kuma wadda ba a so a taɓo, ta cikin shago. Maigida yana da yara biyu ko uku. Ranar Asabar biki uku ya faɗo, ya tura kowa wuri ɗaya. Hoton da ya fi kowane kyau a makon, wanda aka yi ta yaɗawa, yaron ne ya ɗauka, amma tambarin maigida ne a jiki, kuma ko a baki bai ce wane ya ɗauka ba. A dokar Najeriya wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi tun farko, sai in an yi yarjejeniyar da ta mayar da haƙƙin wurin wani. Dokar ta kuma ba mai aiki damar neman a ambaci sunansa. Ba sai ya yi rajista ba kafin kariya ta hau kan hotonsa, kuma kariyar hoto tana kai shekara 50.

Gaskiya dai, ba wanda zai tashi daga Bakura ya ɗauki lauya ya nufi Babbar Kotun Tarayya a kan hoton kamu. Kuɗin mota da na lauya sun ninka kuɗin aikin. Abin da ke aiki a nan shi ne dattawan sana’a da kunyar idon jama’a, sai kuma hujja. Hujjar mai hoto ita ce ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, wanda ke ɗauke da rana da lokaci da irin kyamarar. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan rasa waɗannan bayanai, ya kuma ragu. In gardama ta tashi, a ce kowa ya kawo hoton da ya ɗauka kafin wannan da wanda ya ɗauka bayansa. Mai shi zai kawo ashirin, amarya tana gyara ɗankwali a wannan, ta rufe ido a wancan. Ɓarawo ɗaya tak gare shi.

Kada a raina abin da rashin suna ke jawowa. A 1991 an baje wasu hotunan Bamako a wani nunin fasahar Afirka a birnin New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗaukar su ba. Alhali Seydou Keïta yana raye a garinsu. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya ɗauki kwafinsu ya tafi Bamako yana tambaya, har ya faɗa shagon Malick Sidibé. Sidibé yana gani ya ce aikin Keïta ne, ya nuna masa gidan. A 1994 aka yi wa Keïta nuni nasa shi kaɗai a Faris, kafin ya rasu a 2001 duniya ta san shi. Abin lura a labarin shi ne wanda ya faɗi sunan. Abokin sana’arsa ne, mai shago a gari ɗaya da shi.

Abin da makaɗa suka riga mu sani

Wani zai ce wannan ambaton suna al’adar Turawa ce. Mutumin yankin nan bai kamata ya faɗi haka ba, don ƙasar makaɗa ce, kuma makaɗi ba ya ɓoye inda ya sha.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Ɗankadu ta ƙasar Bakura ya rasu a 1991, kowa ya san salsalar kiɗansa. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun ne. Da ragama ta koma hannun wansa Kurna, Ɗanƙwairo ya zauna a ƙarƙashinsa a matsayin Daudun kiɗi kafin ya ja nasa ayari. Sanin wannan bai rage masa ko ƙwayar zarra ba. Wanda ya saurari waƙoƙinsa na Sardauna ba ya cewa ai na Kurna ne. Haka Sa’idu Faru na ƙasar Maradun, mawaƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo: kotso ɗaya ne da na sauran makaɗan fada, tsarin jagora da ’yan amshi ɗaya ne, amma baiti biyu za ka ji ka san shi ne. Kuma makaɗa sukan kira sunayen yaransu a tsakiyar waƙa, mai kiɗa da mai amshi kowa ya ji an san da shi. Ban ce adalcin ya cika ba, don ɗan amshi yakan yi ƙarin da ya ƙawata waƙa, ta tafi da sunan maigida. Duk da haka sun fi shagunan hotonmu, inda yaro zai shekara biyar ba a taɓa jin sunansa ba.

A wajen malamai abin ya fi haka ƙarfi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida’un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Har gobe almajirin kirki in ya kawo magana yakan ce daga bakin wane ya ji ta.

To me ya sa mai hoto ke jin nauyin cewa, “Na ga wannan salo a wurin wane, na gwada nawa”? Tsoro ne. Yana ganin in ya nuna rijiyar da yake ɗiba, masu biki za su tsallake shi su tafi can. Ni ban ga alamar haka ba. In gwanin da ka koya a wurinsa yana Legas ne, uban amarya a Maradun ba zai ɗauko shi ba. In kuwa maƙwabcinka ne a layi ɗaya, to mutanen gari sun riga sun san wa ya fara, ɓoyewar taka ce za ta zama abin dariya.

Ba kuma kowane abu ake ambata ba. Ba wanda zai nemi ka gode wa wani don ka ce amarya ta kalli taga. Inda ambato ya wajaba shi ne inda in ka cire abin da ka aro, hoton ya tashi daga aiki. Sai kuma mutanen da hannunsu ke cikin hoton kai tsaye: mai kwalliya, mai lalle, mai ɗaurin kallabi, telan da ya yi ɗinkin, mai adon wurin zama. Matar da ta kwashe sa’o’i tana zana hannun amarya, hotonka ne kaɗai shaidar aikinta bayan mako biyu, in lallen ya goge. Rubuta sunan sana’arta a ƙarƙashin hoto, in ta yarda, ba ya cin ko sisi, kuma ita ce gobe za ta ce wa wata amarya ga mai hoton da za ta kira.

Abu ɗaya da ake yawan ruɗewa a kai: ambaton suna ba ya zama izini. In ka ɗora hoton wani a shafin kasuwancinka ka rubuta sunansa a ƙasa, ka fita daga ƙarya, amma ba ka fita daga amfani da kayan mutum ba da saninsa ba. Tambaya ake yi.

Abin da ba ya kwafuwa

Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, daga wurare da yawa, har da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus. Masu nazari sun bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Amma ba Bahaushen da ke karanta littafin ya ji baƙunci, don Imam ya zaunar da labaran a fada da kasuwa da zaure irin namu, ya sa musu bakin mutanenmu.

Yawancin hotunan bikinmu akasin haka suke yi. A ɗauki amarya a Bakura, a yanke ta a kwamfuta, a liƙa ta a gaban dogon benen Dubai ko wani lambu mai dusar ƙanƙara. Yanzu ma manhajojin waya suna yin wannan cikin daƙiƙa, su goge fuska har ta rasa kamanni. In amarya ta ce haka take so, a yi mata, kuɗinta ne kuma ranarta ce. Amma mai hoto ya sani duk wanda ke da waya zai iya yin irinsa, kuma bayan shekara ashirin ’ya’yanta ba za su sami komai na garinsu ko na gidan kakansu a ciki ba.

Alhali ga abin ɗauka a ƙofar gida. Ga ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, da koren shinkafar da ke kwance a ƙarƙashinta lokacin da ko’ina ya bushe. Ga hasken hunturu bayan la’asar, wanda ƙura ke tausasawa har ba ka buƙatar wata fitila. Na san halin rashin tsaro da ake ciki, ba kowace hanya ake bi da yamma ba yanzu, kuma ba mai hankalin da zai fitar da amarya bayan gari don hoto. To tsakar gida ma ta isa: jan bangon ƙasa, inuwar darbejiya, rumbu, tukwanen biki a kan murhu da matan da ke tuƙa tuwo.

Wanda ya fi duka shi ne abin da ba a shirya ba. A wurin ɗaurin aure akwai lokacin da wakilin ango ke miƙa sadaki, waliyyi yana kallon ƙasa. Akwai lokacin da hannaye suka tashi gaba ɗaya don fatiha, da wanda yara suka yi wa tiren goro da alewa caa. A cikin gida akwai gwaggon da ta riƙe hannun amarya tana yi mata faɗan ƙarshe, da uwar da kunya ta sa ta shige ɗaki ta bar ƙannenta da hidima, sai dai ka hango ta ta bakin labule. Akwai ƙanin amarya da ya yi ta dariya tun safe, mota na tashi ya fashe da kuka. Babu shafin da za ka sauko da waɗannan. Wanda ya san al’ada, ya san abin da zai biyo bayan wane, shi zai riga ya tsaya a inda ya dace. A nan ɗan gari ya fi baƙon da ya zo da kyamarar miliyoyi, don shi ya san wace ce gwaggo wace ce kishiyar uwa, ya kuma san wanda in aka ɗauke shi hoto za a yi rigima.

Mai haƙƙi na uku

Duk maganar da muka yi tsakanin masu hoto ce, wane ya ara, wane ya yanke, wane bai ambata ba. Amma akwai wadda fuskarta ce a cikin hoton, kuma ba a cika tambayar ta ba. Mai hoto yana gama aiki ya zaɓi mafi kyau ya ɗora a Facebook da TikTok don talla, kafin kwana biyu hoton matar mutum yana yawo a wayoyin da ba ta san masu su ba. Dokar 2022 ta yi magana a nan: wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da damar yin amfani da shi ba don kasuwanci ba, yana kuma da ikon hana a yaɗa shi ga jama’a, sai in an yi wata yarjejeniya dabam. Ke nan hoto zai iya zama naka, amma ba ka da ikon nuna shi.

Yadda ake neman wannan izini, wa ake tambaya tsakanin amarya da ango da iyaye, da abin da ya kamata a rubuta a ’yar takarda tun ranar da aka karɓi kuɗin kafin alƙalami, shi ne zancen babi na gaba.